Yadda ake kafa rukunin bita na ɗalibai, ya ɗore har ranar jarrabawa

Mako biyu kafin jarrabawa, duk wanda ya bi hanyar Dutsin-Ma daga birnin Katsina ya leƙa makarantun da ke jere a kanta, daga Kwalejin Ilimi ta Tarayya zuwa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman har Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, abu ɗaya zai gani. Ɗalibai jingim a inuwar bedi da cikin azuzuwan da babu lakca, mutum ɗaya tsaye gaban allo yana zuba bayani, ashirin ko talatin suna gyaɗa kai. Idan aka tashi kowa ya ce, "Wallahi yau na gane." Ranar jarrabawa a raba takarda, mutum ya karanta tambaya, ya tabbata ya taɓa jin amsarta, amma hannu ya ƙi rubutu.

Na zauna a irin wannan taro a shekarata ta farko, ban taɓa fashi ba, da sakamako ya fito sai ga kari-oba, wato na faɗi sai na maimaita, a kos mai yunit uku, yunit kuwa shi ne awon nauyin kos. Ranar na koma gida ina tunanin yadda zan dubi idon mahaifina, wanda ya sayar da tumaki biyu ya biya mini kuɗin rajista. Da hankalina ya kwanta na gano inda gizo ke saƙar: wata uku ina sauraron karatun wani, ba a taɓa sa ni na buɗe baki na faɗi nawa ba. A shekara ta biyu muka haɗu mu biyar muka sake salo. Wannan salon nake son shimfiɗa wa ƙannena da ke karatu yanzu, ko a Katsina suke, ko Daura, ko Dutsin-Ma.

Salon ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Duk wanda ya taɓa zama kusa da gardawa suna musaffa ya san shi. Kowa ya riga ya yi tilawarsa shi kaɗai kafin a zauna. Ɗaya ya ja, sauran su kasa kunne, da ya kuskure wasali guda za a tare shi, ya koma ya gyara, sannan na kusa da shi ya karɓa. Ba mai zuwa musaffa don ya fara koyon sura, ba kuma wanda ake ɗauke wa nasa jan. Haka ɗaliban zaure: akwai muɗala'a kafin a je gaban malam, akwai muraja'a bayan an taso. Rukunin bita musaffa ce ta karatun boko. Ka yi karatunka kai kaɗai, ka zo a ji shi daga bakinka, a kama maka kurakuranka tun kafin mai makin jarrabawa ya kama su.

Da farko, ka yi lissafi

Kada ka kafa rukuni don kos goma. Ɗauko fom ɗin rajistarka ka dubi yunit ɗin kowane kos. A makarantun da ke aiki da ma'aunin maki biyar, A tana farawa daga 70 kuma maki 5 take bayarwa, B 4, C 3, haka har a sauka zuwa F da ba ta ba da komai. Wannan makin ana ninka shi da yunit. A kos mai yunit uku, A maki 15 ce, C kuwa 9, tazarar maki shida ke nan. A kos mai yunit ɗaya tazarar biyu ce kawai. 'Yan poli, wato kwalejin kimiyya da fasaha, ma'aunin huɗu suke amfani da shi, amma lissafin bai canza ba. Saboda haka zaɓi kos biyu, ko uku in ya yi yawa: masu nauyin yunit, masu wuya, da waɗanda karatun baɗi zai ɗoru a kansu. Sauran ka ji da su kai kaɗai.

Ka kuma tuna cewa maki 30 ko 40 cikin 100 ana raba su ne tun kafin jarrabawa, ta hanyar tes da aikin gida. Rukunin da aka kafa bayan an manna jadawalin jarrabawa ya riga ya bar wannan kason a baya. Ba a fafe gora ranar tafiya. A mako na uku da buɗe makaranta ya kamata a ce kun yi zamanku na farko.

Zaɓen mutane

Mutum huɗu ko biyar, shida ita ce iyaka. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. A zaman awa biyu mutum goma ba za su samu kowa ya yi magana ba, kuma muddin akwai wurin laɓewa za a laɓe. Wani injiniyan aikin gona Bafaranshe mai suna Ringelmann ya auna wannan da jan igiya, ya wallafa a 1913: duk sanda aka ƙara mutane sai ƙarfin da kowane ɗaya ke sawa ya ragu, har mutum takwas suka riƙa ja da kusan rabin ƙarfin da kowannensu ke da shi in shi kaɗai ne. Wanda ya taɓa zuwa gayya ya ga haka a gona. Uku kuma sun yi kaɗan, domin ranar da ɗaya ya kwanta zazzaɓi ɗaya ya tafi biki, zama ya watse ke nan.

Kada ka yi gaggawa. Yi mako biyu kana lura da ajin. Wa ke zuwa lakcar ƙarfe takwas a kan lokaci? Wa ke rubutu? Wa ke ɗaga hannu ya ce, "Malam, ban gane ba"? Wannan na ƙarshen ka riƙe shi hannu bibbiyu ko da makinsa bai taka kara ya karya ba, saboda wanda ba ya jin kunyar cewa bai gane ba shi ke buɗe wa sauran baki. Abu biyu nake nema a mutum: cika alkawari da karɓar gyara. Kaifin ƙwaƙwalwa yana biyo bayan waɗannan.

Kada ku tara gwanayen aji zalla, sai zaman ya koma gasar nuna sani. Kada kuma ku tara masu rauni zalla, sai ku ƙarfafa wa juna kuskure. A namu rukunin akwai mai lissafi, akwai wadda Turancinta ya zauna, akwai wanda rubutun lakcarsa bai taɓa tsallake layi ba, akwai wani malamin firamare da ya girme mu duka, ya dawo ƙaro ilimi, shi ne ke tsare mana lokaci. Aminin unguwa da kuka saba hirar ƙwallo ba laifi ba ne ya shiga, amma ka tambayi kanka ko za ka iya kallonsa ka ce, "Yau ba ka karanto ba." In ba za ka iya ba, ku bar amincin a majalisa.

Maza zalla, mata zalla, ko gauraye, duk na ga sun yi aiki. In gauraye ne, a zauna a fili, da rana, kuma iyaye ko maigida su san wuri da lokaci. A yi la'akari da 'yar'uwar da dole ta koma Ƙofar Marusa ko Sabuwar Unguwa kafin magariba. Matar aure mai goyo kada a tsallake ta don ana ganin ba za ta samu sukuni ba. A iya abin da na gani, su ne ba sa wasa da minti ɗaya, domin sun san da ƙyar suka samo shi.

Gayyata kuwa ɗaya bayan ɗaya ake yi, baki da baki. In ka sanar a zauren WhatsApp na aji, mutum arba'in za su ce a sa su, ka rasa yadda za ka yi. Same shi bayan lakca ka ce, "Ɗan'uwa, ina son mu haɗu mu biyar mu riƙa bitar kos kaza, Talata da Asabar, awa biyu. Sharaɗin shi ne kowa ya karanto kafin ya zo, kuma kowa sai ya tashi ya yi bayani. Za ka iya?" Wanda ya ce zai yi tunani ya fi wanda ya amsa tun ba ka rufe baki ba.

Zaman farko ba na karatu ba ne

Ranar farko ku zauna minti arba'in kawai, ku rubuta yarjejeniya a takarda ɗaya, kowa ya ɗauki hotonta a waya. Ranaku da lokaci. Minti nawa ake jiran wanda ya makara, ni goma nake ba da shawara, daga nan a fara ko da mutum biyu ne. Me za a yi wa wanda ya yi fashi sau biyu a jere babu uzuri. Waya a kashe sautinta, a kife ta a tsakiya. Kuɗin hoton takardu a raba daidai, kada ya zama kullum mutum ɗaya ke biya, domin nan ƙorafi ke fara tsira. Waɗannan abubuwa suna da sauƙin faɗa ranar farko, lokacin da ba wanda ya yi laifi tukuna. In aka bari sai an ɓata, magana ta zama da wane ake.

Ku ɗaure lokacin da salla, ya fi agogo riƙe mutane. Daga bayan la'asar zuwa gab da magariba akwai kusan awa biyu, rana ta yi sanyi, lakcoci sun ragu, masu komawa cikin gari kuma za su samu Napep da sauran haske. A hunturu rana na saurin faɗuwa, sai a matso da zaman. A watannin zafi, Maris zuwa Mayu, kada ku sa zama tsakanin azahar da la'asar a ajin da babu fanka, barci za ku yi. Da azumi a mayar da shi hantsi. Sau biyu a mako ya isa. Kullum-kullum yana cinye lokacin karatun kai, wanda shi ne tushe.

Wuri ya zama ɗaya, kuma da allo in da hali. Ajin da babu kowa ya fi. Cikin laburare ba a magana, ɗakin kwanan ɗalibai kuma akwai katifa da masu shigowa aron guga. Ban son zaman dare ga rukuni: wuta ba ta da tabbas, ga batun tsaro, ga mata da za a bari a baya.

Abin da kowa zai yi kafin ya zo

Nan ne mafi yawan rukunoni ke tuntuɓe. Sai a ce babi biyar ne, mu biyar ne, kowa ya ɗauki ɗaya ya karanto ya zo ya gaya mana. Ga alama dabara ce, amma sakamakonta shi ne kowa ya san kashi ɗaya cikin biyar, sauran huɗun labari ya ji. Jarrabawa kuwa ba ta tambayar wane babi ka ɗauka.

Ku yanka karatun daidai yadda kowa zai iya gamawa cikin kwana biyu ko uku, kowa ya karanta dukansa. Sannan kowa ya zo da abu biyu a rubuce: tambayoyi uku da ya ƙirƙira irin waɗanda malami zai iya yi, da wuri ɗaya da ya shige masa duhu. Wa zai yi bayanin wane sashe, wannan ba a sani sai an zauna. Mu ga yadda muke yi: a rubuta sassan a 'yan ƙananan takardu, a nannaɗe, dattijonmu, malamin firamaren nan, ya cire hularsa a zuba a ciki, kowa ya sa hannu ya ɗauka. Hular nan ta sa ni karatun da tsoron jarrabawa bai sa ni ba, domin ba na son in tsaya gaban mutum huɗu da nake ganin girmansu in rasa abin faɗa.

Zaman kansa

Kowane zama a samu mai jagora, mai agogo, da mai rubuta abin da ya gagara. Ayyukan nan su riƙa zagayawa, kada su zauna a hannun mutum ɗaya.

Minti goma sha biyar na farko, farar takarda. A rufe komai. Kowa ya rubuta duk abin da ya tuna daga zaman da ya wuce, sannan mai jagora ya jefo tambaya ɗaya daga karatun mako uku baya. A musanya takardu, a buɗe littafi, a ga me aka bari. Ranar farko za ku ji ba daɗi, domin takardar za ta fito kusan fara. Wannan rashin daɗin shi ne aikin. A 2006 wasu masu bincike biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka ba ɗalibai ɗan gajeren rubutu. Kashi ɗaya suka yi ta maimaita karanta shi a zama huɗu, ɗaya kashin zama ɗaya suka karanta, sannan sau uku aka sa su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda sai reshe ya juye: masu maimaitawa sun riƙe kusan kashi 40 cikin ɗari, masu tunowa kusan 61. Abin da ya fi ja mini hankali shi ne masu maimaitawar su ne suka fi amincewa za su tuna. Irin "wallahi na gane" ɗin nan ce ta inuwar bedi. Tambayar mako uku baya kuma dalilinta tsohon abu ne da Bajamushe Ebbinghaus ya nuna tun 1885, cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko, kuma abin da aka waiwaya bayan tazara ya fi zama. Mahaddata sun riga shi sani, shi ya sa ba sa barin tilawa.

Sai jan karatu, kusan minti hamsin. Kowa minti goma a tsaye, babu takarda a hannu. Masu sauraro ba zaman kallo suke ba. Littafi na buɗe gabansu, suna bi, suna tarewa: "Dakata, me ya sa?" "Kawo misali." "In aka sauya kaza fa?" Bayanin da ba a iya kawo masa misali ba hadda ce kawai, kuma hadda na watsewa da zarar malami ya juya tambayar.

A nan akwai batun da ya shafe mu musamman, wato harshe. Da Hausa muke fahimta, da Turanci ake jarraba mu. Wasu rukunonin sukan hana Hausa gaba ɗaya, sai ka ga mutane na maimaita jimlolin handawut ba tare da sun san me suke cewa ba. Wasu kuma Hausa zalla, a fahimta sarai, ranar jarrabawa a rasa kalmomin da za a zuba fahimtar a ciki. Hanyar da ta yi mana aiki hawa uku ce. Fara da Hausa, kamar kana yi wa ƙanenka bayani. Wata rana 'yar rukuninmu ta makale a dokar buƙata da farashi, sai malamin firamaren nan ya ce mata, "Ƙanwata, nawa ake sayar da rago a kasuwar Mai'aduwa ana saura mako guda babbar Salla, nawa ake sayar da shi mako guda bayanta?" Nan take fuskarta ta washe. Hawa na biyu, ka sake faɗin abin da Turanci, da ainihin kalmomin fannin, ba a sassauta ko ɗaya. Hawa na uku, kowa ya rubuta shi cikin layi huɗu ko biyar, mai Turancin cikinku ya duba. Kada a tsallake na ukun nan ko lokaci ya ƙure.

Ku sha ruwa minti biyar, sannan tambayoyi, minti arba'in. A haɗa waɗanda kowa ya kawo da tsofaffin tambayoyin jarrabawa na shekarun baya, waɗanda ake samu a laburare ko wurin 'yan ajin gaba. A zaɓi biyu ko uku, a sa agogo, kowa ya amsa a rubuce shi kaɗai, shiru. Bayan nan a musanya a yi maki da jan biro, ba sani ba sabo. A kos na lissafi, kimiyya ko akanta, wannan sashen ya kamata ya cinye fiye da rabin zaman, kuma doka ita ce ba a zuwa allo sai kowa ya gwada a takardarsa. Kallon gwani yana warware lissafi daɗi gare shi, amma hannunka bai koyi komai ba. In an zo allo, wanda ya kuskure shi zai fito ya nuna hanyar da ya bi, a gano daidai layin da ya kauce. A shekarun 1970 wani malamin lissafi a Jami'ar Kalifoniya, Uri Treisman, ya bi diddigin dalilin da ya sa wasu ɗalibai masu ƙoƙari ke faɗuwa wasu na haurewa. Ya tarar masu haurewar sukan yi aikinsu su kaɗai, sannan su haɗu su kwatanta amsoshi suna gyara wa juna, masu faɗuwar kuwa a ɗaki suke kulle kansu, kuskurensu ba mai gani sai ranar jarrabawa.

Minti goma na ƙarshe a karanto abin da ya gagara, a yanka karatun gaba, a faɗi mai jagora na gaba, a tashi a kan lokaci ko da hira ta yi daɗi.

Ladabin gyara

Mu mutane ne masu kunya da kara, kuma wannan na iya kashe rukuni a tsaye. Ƙarami ya ji babba ya yi kuskure ya yi shiru, mace ta ga namiji ya kauce ta haɗiye. Ku faɗa tun ranar farko cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma wanda ya ga kuskurenka ya ƙyale ka da shi bai kyauta maka ba. Amma gyara na da lafazi. "Yaya, a ɗan sake duba wurin nan, kamar littafi ya faɗi wani abu daban." "Malam, ni ga yadda na fahimta, a gyara mini in na kauce." Ba a dariya, ba a kai labarin kuskuren wani waje. Hujja littafi ce da rubutun lakca, ba ɗaga murya ba. Gardamar da ta wuce minti biyar a rubuta ta a takardar abin da ya gagara, a wuce.

Kai wa malami abin da ya gagara

Takardar nan kada ta kwana biyu a jaka. Ku wakilta mutum biyu su je ofishin malamin a lokacin da ya ware wa ɗalibai, ko su tare shi da ladabi bayan lakca su nemi lokaci. Mata su je su biyu ko tare da wani ɗan rukunin. Ku je da aikinku a hannu: "Salamu alaikum, Malam, barka da aiki. Mu ɗalibanka ne na aji biyu, muna bita mu biyar. Mun gwada wannan tambayar ta hanya biyu, amsa ta bambanta, ga abin da muka yi. A ina muka kauce?" Malamin da aka zo wa haka yakan ajiye abin da yake yi. Abin da ba a tambaya shi ne me zai fito a jarrabawa. Waɗanda suka je su dawo su koyar da sauran a zama na gaba.

WhatsApp kuwa a buɗe na rukunin, amma don sanar da lokaci, tura hoton rubutu da tambayar gaggawa kawai. Ban da siyasa, ban da tura-ga-mutum-goma. Amsar da aka samo a intanet a gwada ta da littafi kafin a yarda da ita. In yajin aiki ya faɗo, irin na malaman jami'o'i a 2022 da ya ɗauki wata takwas, a nan zauren zai yi rana: zama ɗaya a mako ga waɗanda ke gari ɗaya, na nesa su turo bayaninsu da murya.

In abu ya fara lalacewa

Za a samu ɗan ci-ma-zaune, mai zuwa hannu rabbana ya kwashi na wasu. Hular ƙuri'a kan fallasa shi da kanta. Mai jagora ya same shi a keɓe, ya fara da tambayar ko lafiya, domin wani sana'a yake yi da dare, wani mara lafiya gare shi a gida, wani kuɗin mota ne ke gagararsa. In uzuri ne a rage masa kaya na ɗan lokaci. In sakaci ne a tuna masa takardar yarjejeniya, a ba shi mako biyu. In bai sauya ba a sallame shi cikin mutunci, gaisuwa na nan, aron littafi na nan. Mai mamaye magana kuma a ba shi agogo ya riƙe, ko a ce yau aikinsa tambaya kawai. In soyayya ta shiga tsakanin mutum biyu, Allah ya sa alheri, amma a bar ta a bakin ƙofar aji.

Akwai lalacewa ɗaya da ba na sassauta mata. Ranar da wani ya ce, "Mu shirya yadda za mu zauna kusa da juna," ko a raba wa zai shigo da wace takarda, a tsawatar nan take. Satar amsa na iya kai mutum ga kora, shekarun da iyaye suka yi suna biya su tafi a banza, kuma wanda ya ba da amsa da wanda ya karɓa duk hukunci na hawa kansu. Ko ba a kama ba, wanda zai fito ya koyar da yara ko ya duba marasa lafiya da shaidar da ba ta gaskiya ba amana ya ci. Aikin gida da aka ce kowa ya yi nasa ma haka: ku tattauna ma'anar tambayar tare, ku rufe baki, kowa ya je ya rubuta da hannunsa da kalmominsa.

Makonni uku na ƙarshe

Yanzu a daina sabon karatu sai abin da malami ya ƙaro. A ƙara zama ɗaya a mako, a mayar da shi jarrabawar gwaji cikakkiya: tsohuwar takarda guda, awa biyu ko uku kamar yadda aka rubuta a kanta, kujeru nesa da juna, waya a jaka. A nan mutum ke gano cewa yana ɓata minti arba'in a tambayar farko, ko rubutunsa na lalacewa a shafi na uku, ko bai karanta umarnin a amsa uku cikin biyar ba. Bayan maki kowa ya fitar da sassa uku da ya fi rauni, a gina sauran zaman a kansu.

Daren jarrabawa babu zama. Karatun kwana da ɗalibai ke alfahari da shi yana tura mutum ɗakin jarrabawa da kai mai nauyi, abin da ya sani ma ya ɓace masa. Ku haɗu da la'asar minti talatin, a warware 'yan tambayoyin da suka rage, a tabbatar kowa ya san ɗaki da lokaci, katin shaida da katin jarrabawa na cikin jaka, a yi addu'a a watse. In an fito daga takarda kada a tsaya bitar amsoshi a bakin ƙofa, akwai ta gobe.

Idan sakamako ya fito ku sake zama sau ɗaya, kowa ya faɗi nasa gwargwadon yadda ya ga dama. Wanda ya samu kari-oba a tsara yadda za a riƙa ware masa minti ashirin a mako. A duba ko lokacin ya dace, ko akwai wanda zai fita, ko akwai gurbin sabon mutum. A wannan zaman ne za ku buɗe fom ɗin rajistar sabon zango, ku sa alama a kan kos biyu ko uku masu nauyi, ku tsayar da Talatar farko.